Hoto ɗaya ya isa a shiga wayarka, ku daina ɗora wa mutane laifin da ba nasu ba

1/ Zare 🧵
Duk sanda aka yi wa wani kutse a waya, sai masanan tsaron intanet na soshiyal midiya su fito da waƙarsu ɗaya tilo: "Ai shi ya danna linki." Wallahi na gaji da jin maganar nan. Akwai ɓarakar da ba sai ka danna komai ba. Hoto za a turo, wayarka ta yi ƙoƙarin nuna shi, shi ke nan an gama.

2/ Zan ba ku labarin ɓarakar WebP ta watan Satumban 2023, wadda aka yi wa lamba CVE-2023-4863. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, ba farfesa ba. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. In kun kai ƙarshe za ku ga waye ke da laifi, kuma waye aka bari a rana.

3/ Mene ne WebP? Tsarin ajiye hoto ne, kamar JPEG da PNG. Google ya fito da shi a 2010 don hotuna su rage nauyi, shafi ya buɗe da wuri, data ta rage tafiya. Kada ka ce ba ka san shi ba. Sitikar da kake tura wa abokai a WhatsApp, WebP ce.

4/ Hoton waya ba kamar na kati ba ne da ido zai kalla kawai. Tarin lambobi ne a dunƙule. Dole wata manhaja ta karanta su, ta warware, sannan ta zana a sikirin. Wato duk hoton da ka gani, sai da wayarka ta bi bayanin da wani baƙo ya rubuto mata.

5/ Ƙunshin kod da ke warware WebP sunansa libwebp. Google ne ya rubuta shi, da yaren C, ya sake shi kyauta. Kowa ya ɗauka ya cusa a kayansa: Chrome, Firefox, Edge, Brave, Opera, Android ita kanta, da manhajoji ba adadi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

6/ Ta yaya ake dunƙule hoto? Ɗaya daga dabarun ita ce ta David Huffman, wanda ya wallafa ta a 1952, ya kuma gano ta tun yana ɗalibi a MIT. Abin da ke yawan maimaituwa a ba shi gajeriyar alama, wanda bai cika zuwa ba a ba shi doguwa. Kamar yadda muke rubuta "slm" da "lfy" a cat.

7/ Kowane hoto yakan zo da jadawalinsa na gajerun alamomin. Ita libwebp sai ta ware wuri a ma'adanar aiki ta waya, wato ram, ta gina jadawalin a ciki. Girman wurin an lissafa shi tun farko, bisa zaton cewa duk jadawalin da zai zo lafiyayye ne.

8/ To mai kutse ba lafiyayye zai kawo ba. Rukunin jadawalan guda biyar ne. Sai ya tsara huɗu daidai, amma manya yadda za su cinye wurin, na biyar kuma ya yi shi gurgu. Kafin libwebp ta gane gurgu ne ta ƙi shi, ta riga ta yi rubutu ya zarce iyakar wurin da aka ware.

9/ Misali: mai shago ya ba ka littafinsa ka rubuta sunanka a layi goma. Shafin gaba kuwa nan maigida yake rubuta wanda za a ba makullin sito. Kai kuma ka yi ta rubutu har ka tsallaka can, ka sa sunanka. Yaron shago ya duba littafi, ya miƙo maka makulli. Bai san an yi ba.

10/ Wannan shi ne gurɓata ma'adanar aiki. Rubutu ya malala inda ba nasa ba, ya taka bayanan da manhaja ta dogara da su. In an yi shi da ka, manhajar ta mutu kawai. In gwani ya yi, sai ta koma bin umarninsa. Yaren C ba ya duba iyaka da kansa. Abin da ka ce ya rubuta, zai rubuta ko a ina ne.

11/ Yanzu ga yadda asirin ya tonu. Ranar 7 ga Satumba 2023, Citizen Lab ta Jami'ar Toronto a Kanada ta sanar cewa ta samu manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ta kamfanin NSO Group na Isra'ila, a wayar wani ma'aikacin ƙungiyar farar hula da ke Washington. Suka sa wa harin suna BLASTPASS.

12/ Wayar iPhone ake magana, mai ɗauke da iOS 16.6, wato mafi sabunta a lokacin. Hotuna masu guba aka turo ta iMessage. Mai wayar bai danna komai ba. Masu cewa "ka sayi iPhone ka huta", da masu cewa "ka dai kiyaye linki", don Allah ku sake karanta wannan.

13/ Apple ya saki faci a ranar. Ranar 11 ga wata Google ya yi wa Chrome faci, ya ce Apple da Citizen Lab ne suka kawo rahoton, kuma ana amfani da ɓarakar a zahiri. Washegari Mozilla ta saki Firefox 117.0.1. Har nan ba ni da ƙorafi, sun yi sauri.

14/ Ga inda raina ya ɓaci. Da aka zo rubuta ɓarakar a rajistar duniya, sai aka rubuta ta a matsayin matsalar Chrome. Alhali ba Chrome ba ce, libwebp ce, wadda ke cikin cikin dubban manhajoji. Kuma Google ne mai Chrome, shi ne mai libwebp. Ba zai ce bai san bambancin ba.

15/ Me ya sa suna ke da muhimmanci? Kamfanoni da masu kula da sabar suna da na'urorin bincike da ke duba wannan rajista. In an rubuta Chrome, na'urar za ta duba Chrome kaɗai, ta ce maka lafiya lau. Kamar a gano guba a rijiyar unguwa, a yi shela cewa randar gida ɗaya ce ta lalace.

16/ Sai da masu bincike na waje suka yi ta hayaniya. Ben Hawkes, tsohon shugaban Project Zero na Google, ya bi facin layi-layi ya bayyana yadda ɓarakar take, ya kuma haɗa ta da harin iPhone ɗin. Bayan kusan mako biyu Google ya fitar da sabuwar lamba, CVE-2023-5129, da maki 10 cikin 10.

17/ Daga baya aka soke sabuwar lambar, aka ce maimaici ce, aka gyara bayanin ta farko ya ambaci libwebp. Mako biyu fa, jama'a. Gyaran yana fili kowa na iya karantawa, har da ɓarayi, amma masu gida da yawa ba a gaya musu ƙofarsu ce a buɗe ba.

18/ Su wa abin ya shafa bayan burauza? Duk manhajar kwamfuta da aka gina da Electron, domin Chromium ce sukutum a cikinta. Signal ta kwamfuta da 1Password sai da suka saki faci. LibreOffice ma haka. Pillow ta masu Python haka. Kowanne da nasa kwafin, kowanne sai ya gyara da kansa.

19/ Wani zai ce tsautsayi ne, ba a kauce masa. A'a malam. Tsautsayin da ke dawowa kowace shekara da riga iri ɗaya ya tashi daga tsautsayi. A watan nan dai na Satumba, ranar 27, Google ya sake wani faci na gaggawa kan libvpx mai sarrafa bidiyo. Malalar rubutu ce ita ma, kuma an riga an kai hari da ita.

20/ Koma 2021. FORCEDENTRY, Pegasus dai, a wayar wani ɗan gwagwarmaya na Saudiyya. Fayil ne mai kama da GIF, ashe PDF ne da tsarin JBIG2 a ciki. Project Zero suka nuna maharan sun gina ƙaramar kwamfuta sukutum a cikin hoton, da umarni sama da 70,000.

21/ Koma 2015. Stagefright, wadda Joshua Drake na Zimperium ya tona. Saƙon MMS mai bidiyo ya isa, aka ƙiyasta wayoyin Android kusan miliyan 950 na cikin haɗari. Koma 1988, tsutsar Morris, ita ma da malalar rubutu ta shiga wasu kwamfutocin. Shekara 35 tsakaninta da WebP, ciwo ɗaya.

22/ Kuma su da kansu sun faɗa. A 2019 Microsoft ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakokin da yake gyarawa duk shekara na ma'adanar aiki ne. A 2020 masu Chromium suka duba manyan ɓarakoki 912 tun daga 2015, suka samu kusan kashi 70 su ma. Ba ni na ƙirƙira ba, lissafinsu ne.

23/ To in kashi 70 na matsalar daga yadda aka gina kayan take, don me kullum wa'azin yake kan mai amfani? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu kuma mun bar magini, mun tasa mai haya a gaba muna masa faɗa don ya buɗe taga.

24/ Kada a fahimce ni a baibai. Linkin ƙarya gaskiya ne. "Turo lambar da ta shigo wayarka" gaskiya ne, an kwashe wa mutane kuɗi da asusun WhatsApp ta haka ba iyaka. A ci gaba da faɗakarwa. Amma in ka tsaya nan ka ce shi ne tsaron gaba ɗaya, ka wanke kamfanoni tas ba tare da sun biya ka ba.

25/ Akwai magani? Akwai. Yarukan da ke duba iyaka da kansu: Rust, Go, Java, Kotlin, Swift. A Rust in rubutu zai zarce wurinsa, shirin tsayawa yake yi cak. Hoton ya ƙi buɗewa, ka ji haushi na minti ɗaya. Wannan da a kwashe maka waya, wanne ka zaɓa?

26/ Masu kare C za su ce ba za a iya sake rubuta miliyoyin layuka ba. Wa ya ce a sake duka? Android ta fi mayar da hankali kan sabon kod, ta koma rubuta shi da yaruka masu tsaro. Google ya ce kason irin waɗannan ɓarakoki ya sauka daga kashi 76 a 2019 zuwa 24 a 2024.

27/ Kuma inda ya fi kamata a fara a bayyane yake: duk abin da ke karɓar fayil daga baƙo. Hoto, bidiyo, sauti, salon haruffa. Chrome ya riga ya fara sauya FreeType da Skrifa da aka rubuta da Rust don haruffan shafuka. Ashe dai ana iyawa. Tambayar ita ce me ya sa sai yanzu.

28/ Kada kuma a kawo min zancen tsada. Alphabet, uwar Google, ta samu kuɗin shiga sama da dala biliyan 300 a 2023. Har hukumar NSA ta Amurka ta fitar da takarda a Nuwamban 2022 tana cewa a koma yaruka masu tsaro, Fadar White House ta maimaita a Fabrairun 2024.

29/ Adalci dai: Google na kashe kuɗi a tsaro. Yana da OSS-Fuzz da ke jefa wa kod gurɓatattun fayiloli dare da rana, kuma libwebp na cikin waɗanda ake gwadawa. Duk da haka ɓarakar ta yi shekaru ba a gan ta ba. Wannan ai hujjata ce. In mai irin wannan ƙarfi bai kama ta ba, gwaji kaɗai bai isa ba.

30/ Yanzu mu dawo gida, inda abin ya fi min ciwo. Faci ya fito a Kalifoniya, amma ya iso wayar da ke hannunka? Chrome na sabuntuwa ta Play Store, wannan da sauƙi. Amma libwebp da ke cikin Android ɗin kanta sai da facin tsaro na Oktoban 2023, kuma shi sai kamfanin wayarka ya ga dama ya turo.

31/ Pixel 8 an yi mata alkawarin sabuntawa shekara 7. Galaxy S24 ma shekara 7. Nawa ne a cikinmu ke riƙe da su? Mu masu wayar dubu saba'in, da ta hannu, da wadda yaya ya gaji da ita ya ba ƙani, a kwalin ma ba a rubuta mana shekara nawa za a kula da mu ba.

32/ Kwamfutoci kuwa kada a tona. Chrome 109 ta Janairun 2023 ita ce ta ƙarshe ga Windows 7. Na shiga shagunan buga takardu da ɗakunan kwamfuta da har yau shi suke kai, a nan ɗalibai ke shigar da lambobin sirrinsu suna biyan kuɗin makaranta. Ko a lokacin, Firefox ESR 115 ta samu facin, amma wa ya gaya musu?

33/ Ga kuma data. Mutum ya kashe sabuntawa ta kai tsaye don megabait ɗari biyu kuɗin abincin rana ne, musamman bayan ƙarin kashi 50 da NCC ta amince da shi a Janairun 2025. Sai ya karɓi manhaja ta Xender daga wayar aboki, tsohon kwafi, ya yi shekara biyu da shi. Wannan ba wauta ba ce, lissafin aljihu ne.

34/ Na san abin da wani zai rubuto a ƙasa: "Ni talaka, wa zai kashe miliyoyin dala ya yi min kutse?" Rabin gaskiya ka faɗa. Ɓarakar da ba a sani ba tana da tsada, manya ake farauta da ita. Amma ranar da faci ya fito, sirrin ya zama na kowa. Cikin makonni aka wallafa hoton gwaji da ke tayar da ta WebP.

35/ Eh, daga hoton gwaji zuwa cikakken kutse akwai tafiya. Chrome na killace shafuka a wani keji, sai an samu ɓaraka ta biyu kafin a fita. Amma ba kowace manhaja ke da kejin ba, kuma tsohuwar wayar da ba ta samun faci ta tara ta biyu da ta uku tana jira. Makami tsufa yake ya yi araha, ya gangaro kanmu.

36/ Kuma ba nesa kasuwar nan take da mu ba. A 2020 kotu a Accra ta ɗaure tsofaffin jami'an gwamnatin Ghana uku kan badaƙalar sayen Pegasus. A Disambar shekarar, Citizen Lab ta sa Najeriya cikin ƙasashe 25 da take ganin abokan cinikin Circles ne, kamfanin leƙen waya mai alaƙa da NSO.

37/ Ɗan jarida, lauya, ɗan gwagwarmaya, shugaban ɗalibai: in an shiga wayarsa, ba shi kaɗai aka shiga ba. Duk wanda ya taɓa tura masa saƙo, har wanda ya ba shi labari a ɓoye bisa amana, an karanta shi. Gemun ɗan'uwanka ne ya kama wuta, kai kana cewa ai kai ba ka da abin ɓoyewa.

38/ Abin da nake nema daga hukumomi ba mai wuya ba ne. Tarayyar Turai, daga 20 ga Yunin 2025, ta wajabta a ci gaba da sabunta waya aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin. NCC ce ke amincewa da samfurin waya kafin a sayar a Najeriya. Ta sa sharaɗi mana.

39/ Ko ba a kai shekara 5 ba, a tilasta rubuta wa'adin a jikin kwali, manya-manya, kamar ranar lalacewar magani. Mai saye a Farm Centre ko Computer Village ya san waya biyu masu kuɗi ɗaya, ɗaya za a kula da ita shekara huɗu, ɗaya shekara ɗaya. Sai ya zaɓa da idonsa a buɗe.

40/ Kamfanonin layi su ma: kun iya ba da data kyauta ta kallon bidiyo da tsakar dare. Ku cire kuɗi a kan facin tsaro. Wayoyin da ke kan layinku in sun zama gidan ɓarayi, ku ma ba ku tsira ba.

41/ Malamanmu, da girmamawa. A koya mana C, dole ne, da shi ake gane yadda na'ura ke aiki. Amma har yau akwai takardun darasi masu gets(), umarnin da aka cire daga ƙa'idar C tun 2011, wanda kuma ta kansa tsutsar Morris ta shiga. A koya mana haɗarin tare da yaren, a kuma sa mana Rust ko zango ɗaya ne.

42/ 'Yan'uwana ɗalibai masu haɗa manhaja: duk ƙunshin da ka jawo cikin aikinka, ka ɗauki alhakinsa. Ka san me ke ciki, ka san sigarsa, ka riƙa sabuntawa. In manhajarka na karɓar hoto daga mutane, ƙofa ka buɗe wa duniya, ko aikin kammala digiri ne.

43/ Kai kuma mai karatu, ga abin da ke hannunka yau:
• Shiga Play Store ka sabunta Chrome da Android System WebView
• A kwamfuta, rufe burauza ka sake buɗewa, facin ba ya kamawa sai an yi haka
• Rabu da GBWhatsApp da ire-irenta
• Manhajar da ka karɓa ta Xender, sake sauke ta daga Play Store

44/ Sannan shiga saitin wayarka, wajen bayanin waya, ka duba ranar facin tsaro. In ta gaza Oktoban 2023, Android ɗinka ba ta samu wannan gyaran ba. In aikinka mai haɗari ne kuma iPhone gare ka, kunna Lockdown Mode. Citizen Lab ta ce ya tare BLASTPASS.

45/ Ku ajiye min a ƙasa: samfurin wayarka, shekarar da ka saya, da ranar facinta na ƙarshe. Ban da lambar waya, ban da IMEI. In mun taru da yawa zan jera su a tebur ɗaya, mu tura wa NCC da FCCPC, mu ga ko za su ce ba su gani ba.

Wanda ya ga kuskure a bayanin fasahar ya gyara min da hujja. Wanda kuma zai ce "ai shi ya danna linki", ya koma lamba 12.